Firgitar Ƙuruciya Da Shan Giya

(Wannan jawabi ne da wani ma'aikacin kiwon lafiya ya yi a wani taron ƙauye. Mun buga shi domin waɗanda ba su sami halarta ba.)

  

Maganar da zan yi yau tana da nauyi. Magana ce a kan mashayin giya. Na san wani zai ce a ransa, "Mu ina ruwanmu da giya?" To, mu gaya wa juna gaskiya. Da wuya ka sami garin da ba shi da mutum ɗaya ko biyu da kowa ya san halinsu. Wani burkutu yake sha ranar kasuwa. Wani ya koyo ta kwalba a wurin ci-rani. Wani kuma ta cikin 'yar leda yake saye, ya ɓoye a aljihu. Kowane ɗayansu ɗan wani ne, mijin wata ne, uban wasu ne.

Hukuncin giya a addini, malamai sun yi bayani, ba sai na maimaita ba. Ni fannina jikin ɗan Adam ne. Tambayar da na zo da ita ita ce wannan. Samari biyu sun ɗanɗana abu ɗaya a rana ɗaya. Ɗaya ya tofar, bai sake ba. Ɗayan kuma abin ya kama shi, har ya jinginar da gonar gado. Me ya bambanta su?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2019 giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2 da dubu 600 a duniya. Ta ce kimanin mutum miliyan 400 ne shan giya ya zame musu ciwo. Ku lura da kalmar, ciwo. Haka likitoci suke kiransa. Mutum yana son ya bari, ya kasa. Yana ganin ɓarnar da idonsa, amma gobe ya koma.

Dalilan suna da yawa. Akwai gado, domin bincike ya nuna wajen rabin haɗarin daga jinin iyaye yake. Akwai abokai. Akwai sauƙin samun abin. Amma akwai wani dalili da ba mu cika kula da shi ba, shi ne abin da mutum ya gani yana yaro.

LABARIN WANI LIKITA A AMURKA

A birnin San Diyego na ƙasar Amurka akwai wani likita, Dakta Feliti. A wajen 1985 yana kula da masu ƙiba da suke son su rage jiki. Sai ya ga abin mamaki. Da yawa daga cikinsu, da sun fara samun nasara sai su daina zuwa asibiti. Ya kira su ɗaya bayan ɗaya yana yi musu tambayoyi. A nan ya gano cewa da yawansu an yi lalata da su tun suna ƙanana. Cin abinci da yawa ya zame musu wurin fakewa.

Abin ya tsaya masa a rai. Ya haɗa kai da wani likita, Dakta Anda, na hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka. Daga 1995 zuwa 1997 suka yi wa manya fiye da 17,000 tambayoyi a kan ƙuruciyarsu. Kafin ka kai shekara 18, an riƙa dukanka har da rauni? An riƙa zaginka ana wulaƙanta ka? An yi lalata da kai? An bar ka da yunwa ko babu mai kula da kai? Ka ga ana dukan mahaifiyarka? Auren iyayenka ya mutu? A gidanku akwai mashayi, ko mai taɓin hankali, ko wanda aka ɗaure a kurkuku?

Waɗanda aka tambaya ba matalauta ba ne. Yawancinsu masu ilimi ne, masu aikin yi. Duk da haka, kusan mutum biyu cikin uku sun ce aƙalla ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa ya same su. Mutum ɗaya cikin takwas ya ce huɗu ko fiye.

A 1998 aka fitar da rahoto na farko. Wanda ya gamu da iri huɗu ko fiye, haɗarin ya zama mashayin giya ya ninka kusan sau 7 a kan wanda bai gamu da ko ɗaya ba. Kuma abin hawa-hawa yake, kamar matakala. Wahala iri ɗaya, haɗari kaɗan. Iri biyu, ya ƙaru. Iri uku, ya ƙara ƙaruwa.

Kada wani ya ce wannan a can ne. A 2014 Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, tare da Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, ta yi bincike a kan yara a Nijeriya. An gano yara 6 cikin 10 suna gamuwa da wani irin cin zarafi kafin su kai shekara 18. Rabin yara sun sha mugun duka. Yarinya 1 cikin 4 da yaro 1 cikin 10 an yi lalata da su ko an nemi yi. Ba a ma sa lissafin yaran da suka kwana a daji saboda 'yan bindiga ba, ko waɗanda suka ga an ƙone garinsu.

MAI GADIN DA KE CIKIN KAI

Yanzu bari mu shiga cikin jiki, mu ga yadda abin yake faruwa.

Kana tafiya gona da sassafe, sai ka ga wani abu baƙi a kan hanya. Kafin ka san me ke nan, ka riga ka yi tsalle baya. Gabanka yana dukan uku-uku. Bakinka ya bushe. Sai daga baya ka duba, ka ga ashe igiya ce.

Wa ya sa ka tsalle? A can cikin ƙwaƙwalwa akwai wasu 'yan sassa biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Kowane bai wuce ƙwallon dabino ba. Likitoci suna kiransa amigdala. Mu kira shi mai gadi. Aikinsa ke nan dare da rana, neman haɗari. Da ya hango abin tsoro sai ya buga ƙararrawa, ba ya jiran shawarar kowa.

Saƙon yana sauka ta hanya biyu. Ta farko mai sauri ce. A kan kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka da take zaune kamar hula. Nan take sai ta zuba wani sinadari cikin jini, ana kiransa adiranalin. Shi ne yake sa zuciya gudu, numfashi ya yi sama. Ta biyu tana ɗaukar lokaci. Ƙwaƙwalwa tana aika saƙo daga wani sashe zuwa wani, har ya isa ga waccan hular ƙoda, ta zuba wani sinadarin mai suna kotisol. Shi sai bayan minti 20 zuwa 30 yake kai ƙarshen ƙarfinsa. Yana ƙara sukari a cikin jini, don ka sami ƙarfin gudu ko na kokawa.

Duk wannan rahama ce. Ba don ita ba, da babu wanda zai tsira daga kura ko gobara. Amma an yi ƙararrawar ne don ta yi ƙara, sa'an nan ta yi shiru.

Masu kashe ta su biyu ne. Akwai wani sashe da yake ajiye abin da mutum ya gani da abin da ya koya, kamar magatakarda. Shi ne yake jin yawan kotisol a jini, ya ce ya isa haka. Akwai kuma sashen da yake bayan goshi. Shi ne dattijon gida. Shi yake auna magana, ya danne fushi, ya ce, "Dakata, igiya ce." Wannan dattijo shi ne na ƙarshen girma. Ba ya gama nuna sai mutum ya kai wajen shekara 25. Shi ya sa yaro ƙarami ba ya iya kwantar wa kansa da hankali. Sai an ɗauke shi, an goya shi, an rarrashe shi. Watau aron dattijon uwarsa yake yi kafin nasa ya girma.

To, mu ɗauki misalin yaro ɗan shekara 4. Kullum da dare yana kwance yana sauraron takun ubansa. Bai san ko yau da dariya zai shigo ba, ko da bulala. Wani lokaci ihun uwarsa ne yake tashinsa daga barci. Babu inda zai gudu, domin wanda ya kamata ya gudu wurinsa shi ne abin tsoron. Ƙararrawar wannan yaro tana bugawa yau, tana bugawa gobe, shekara da shekaru. A daidai lokacin kuwa ake ginin ƙwaƙwalwarsa. Kafin ya kai shekara 6 ta riga ta kai kashi 90 cikin 100 na girmanta. Ginin da aka yi ana ruwan sama, kun san yadda yake tashi.

Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Likitoci sun ga wannan da na'ura. A 2011 a birnin Landan aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar yara 20 da suka tashi a gidajen da ake duka, da wasu 23 da ba su ga haka ba. Ana ɗaukar hoton ana nuna musu fuskokin mutane. Da an nuna fuskar mai fushi, sai mai gadin yaran farko ya zabura fiye da na sauran. Irin wannan zabura an taɓa ganinta a ƙwaƙwalwar sojojin da suka je fagen yaƙi. Yaran kuwa a ido lafiyarsu ƙalau. Wasu binciken kuma sun nuna manyan da aka ci zarafinsu suna yara, sau da yawa magatakardan nan nasu ya fi na sauran mutane ƙanƙanta.

Ba hanya ɗaya abin yake bi ba. Wani ƙararrawarsa ba ta yin shiru. Ƙaramin motsi ya firgita. Ba ya barcin kirki. Kullum kamar ana binsa. Wani kuma tasa ta gaji da bugawa har ta dushe. In abin tashin hankali ya zo, kotisol ɗinsa ba ya tashi yadda ya kamata. Irin wannan za ka ji ya ce shi ba ya jin komai, ba daɗi ba baƙin ciki. Yakan yi abu ba tare da tunani ba, yakan nemi abu mai ƙarfi da zai motsa shi. Duka biyun giya tana iya samun ƙofa a wurinsu.

ƁERA DA BIRI

Wani zai ce, ta yaya aka san wahalar ce ta jawo, ba gado ba? Tambaya ce mai kyau. Ba a yin irin wannan gwaji a kan 'ya'yan mutane, don haka aka koma ga dabbobi.

A ƙasar Kanada wani masani, Farfesa Maikel Mini, ya daɗe yana lura da ɓeraye. Ya ga wata uwar tana yawan lasar 'ya'yanta a makon farko na haihuwa, wata kuma ba ta damu ba. 'Ya'yan da aka lasa da yawa suka girma da natsuwa. In an tsorata su, jikinsu yana saurin komawa daidai. Waɗanda ba a lasa ba suka girma da firgita. Sai aka yi musaya. Aka ɗauki ɗan mai sakaci aka ba mai kula. Da ya girma, sai ya ɗauko halin wadda ta rene shi, ba na wadda ta haife shi ba. A 2004 suka nuna cewa lasar nan tana barin alama a cikin ƙwaƙwalwa, a daidai wurin da ake kashe ƙararrawa.

Na birai ya fi kusa da maganarmu. A Amurka aka raba wasu 'ya'yan birai da iyayensu, suka yi watanni 6 na farko tare da ƙananan 'yan'uwansu kawai, babu babba. Wasu kuma aka bar su da iyayensu mata. Da suka girma aka ajiye musu ruwan zaƙi mai giya a ciki. Waɗanda suka tashi babu uwa suka fi sha, wasu har su bugu. Sa'an nan aka ware waɗanda suka tashi da uwa, aka kaɗaita su har hankalinsu ya tashi. Su ma shansu ya ƙaru, ya kamo na waɗancan. An buga wannan a 1991. Biri bai san abokan banza ba. Bai san talla ba. Abin da ke damunsa a ciki ne ya kai shi.

A kan mutane ma an ga wani abu, a ƙasar Romaniya. Da mulkin Chaushesku ya faɗi a watan Disamba 1989, duniya ta ga dubban yara a gidajen marayu na gwamnati. Ana ba su abinci, amma babu mai ɗaukarsu, babu mai yi musu wasa. Daga baya masana suka bi yara 136 a birnin Bukares. Rabinsu aka samar musu gidajen riƙo. Da suka kai wajen shekara 12 aka gwada su. Waɗanda aka bari a gidan marayu, ƙararrawarsu ta dushe. Waɗanda aka ba riƙo kafin su cika shekara 2, kotisol ɗinsu ya yi kama da na yaran da suka tashi a gaban iyayensu. Ku lura, yawancin yaran nan ba duka ne ya yi musu illa ba. Rashin kula ne.

Ga wani abin da nake so iyayenmu su riƙe. A 2013 likitoci a Amurka suka binciki mashaya da suka zo neman magani. Suka duba wane irin cin zarafi ne ya fi tafiya tare da tsananin ciwon. Sai ya zama ba bulala ba ce a kan gaba. Cin mutunci ne, watau zagi da gori da wulaƙanci. "Ɗan banza." "Ba za ka yi albarka ba." "Da ma ban haife ka ba." Mu a wurinmu wannan ba komai ba ne, tunda ba a ga jini ba. Agola da maraya da ɗan kishiya su ne suka san nauyinsa.

BASHI DA RUWA

Yanzu yaron nan ya zama saurayi. Ran nan wani ya miƙa masa kofi. Ya sha. Me ya faru?

A cikin ƙwaƙwalwa akwai sinadarin da yake aikin burki, akwai wanda yake aikin totur. Giya tana taka burki, tana sassauta totur. Mai gadi ya yi laushi. Saurayin da bai taɓa sanin kwanciyar hankali ba, yau ya ji ta. Kafaɗarsa ta sauka. Ya yi hira, ya yi dariya, ya yi barci. Abokinsa da ya tashi cikin natsuwa, shi ɗaci da jiri kawai ya ji. Amma shi magani ya ji ya samu. Ga amsar tambayar da na yi da farko, ko in ce wani ɓangare nata.

Sai dai giya mai ba da bashi da ruwa ce. Ƙwaƙwalwa ba ta yarda a danne ta. In ana taka mata burki kullum, sai ta rage ƙarfin burkin, ta ƙara totur. Shi ya sa kofi ɗaya na bara, bana sai uku. Da giyar ta fita daga jini kuma, sai a bar mutum da totur babu burki. Mai gadi ya farka da ƙarfin da ya fi na da. Kotisol ya hau. Barcin ma na ƙarya ne, domin giya tana sa mutum barci da wuri, amma cikin dare ya farka, gari ya waye masa a gajiye.

Daga nan lissafi ya juya. Da yana sha don ya ji daɗi. Yanzu yana sha don hannunsa ya daina rawa. Dattijon bayan goshi kuwa, wanda zai ce "ya isa", shi ne giya ta fi yi wa ɓarna. In an fara shan da wuri abin ya fi muni. Wani bincike na 1997 a Amurka ya nuna wanda ya fara sha kafin shekara 15, haɗarin abin ya kama shi ya ninka kusan sau 4 a kan wanda ya fara bayan ya kai 20.

Wannan shi ne dalilin da ya sa mutum zai yi rantsuwa ya bari, ya yi wata uku bai sha ba, ranar da aka yi masa tsawa a gaban jama'a ko damina ta ƙi, sai ya koma. Ba lalle ƙarya ya yi da ya rantse ba.

Kuma mu sani, inda giya take da wuyar samu, wannan rauni yana neman wata ƙofar. Tiramol, maganin tari mai kodin, wiwi, sholisho. Sunan abin ne ya canza.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne wannan. Mashayin nan yanzu shi ne uba. Akwai wani yaro ɗan shekara 4 da yake kwance yana sauraron takunsa.

BA HUKUNCI BA NE

Kada maraya ko wanda ya sha wuya ya tashi daga nan yana cewa tasa ta ƙare. Ko kusa. Yawancin waɗanda suka sha wahala suna yara ba su zama mashaya ba. Akwai kuma mashayan da suka tashi cikin gata. Haɗari ne yake ƙaruwa, ba hukunci aka yanke ba. Kuma ban ce mashayi ba shi da alhakin abin da ya aikata ba. Wanda ya doki matarsa ya doke ta, ko me ya gani yana yaro.

A tsibirin Kawayi na Amurka, wata masaniya mai suna Emi Warna ta bi yara 698 da aka haifa a 1955, tun suna jarirai har suka manyanta. A cikin waɗanda suka tashi cikin talauci da rigimar gida, kashi ɗaya cikin uku sun zama mutanen kirki masu riƙe kansu. Da aka duba, sai aka ga kusan kowannensu ya sami aƙalla babba ɗaya da ya riƙe shi da gaske. Ba lalle uwa ko uba ba. Wani kaka ce, wani gwaggo, wani malami, wani maƙwabci. A wannan fanni mu muna da arziki. Gidajenmu cike suke da kakanni da gwaggwanni da kawunnai, in za su sa ido.

Ana cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne. Amma duk wanda ya taɓa yin baka ko kwando ya san da lallashi ake tanƙwarawa. In ka yi da ƙarfi, tsagewa yake yi ta ciki, ko da bawon bai nuna ba. Ban ce kada a kwaɓi yaro ba. A kwaɓe shi, a hana shi abin da yake so, a sa shi ya gyara ɓarnar da ya yi. Amma kada a doke shi cikin fushi. Kada a yi faɗan aure a gabansa. In aure ya mutu, kada a hana shi ganin uwarsa don a ƙuntata mata. In yarinya ko yaro ya ce wani ya taɓa shi, a saurare shi, a kai shi asibiti, kada a rufe don gudun abin kunya.

Yaran da suka ga hari ko suka yi gudun hijira, a sa musu ido. Wani zai koma fitsarin kwance bayan ya daina. Wani mugun mafarki. Wani ya daina magana, wani ya zama mafaɗaci. Ba iskanci ba ne. Su kwana kusa da babban da suka yarda da shi. A riƙa cin abinci da kwanciya a kan lokaci ɗaya kullum. A bar su su yi wasa. In suna son ba da labari a saurara, in ba sa so kada a tilasta.

IN AKWAI MASHAYI A GIDA

A nan ina roƙon ku buɗe kunne, domin magana ce ta rai da mutuwa.

Mutumin da ya daɗe yana sha da yawa kullum, kada a sa shi ya yanke rana ɗaya a gida. Kada a kulle shi a ɗaki a ce sai ta fita daga jikinsa. Bayan awa 6 zuwa 24 da kofin ƙarshe zai fara rawar jiki, da gumi, da amai. Cikin kwana biyu yana iya faɗuwa yana shure-shure kamar mai farfaɗiya. Daga kwana 2 zuwa 4 wani yakan rikice, ya yi zazzaɓi, ya riƙa ganin ƙwari ko macizai a bango. Mutane sukan ce aljanu ne. Totur ne babu burki, kuma yana kisa. A asibiti akwai maganin da ake bayarwa a riƙa ragewa a hankali, tare da bitamin B1 don kare ƙwaƙwalwa.

Mari da bulala kuwa, ku auna da abin da na faɗa. Mutumin da tsoro ne tushen ciwonsa, ka ƙara masa tsoro, me ka gyara? Kun tuna a watan Satumba 2019 'yan sanda sun fito da mutane fiye da 300 daga wani gida a Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa, da tabon duka a baya. Iyaye da yawa da kyakkyawar niyya suka kai 'ya'yansu.

A fara da asibitin da ya fi kusa, su za su tura ku gaba. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a Kaduna, da Kware ta Jihar Sakkwato, da Maiduguri. Manyan asibitocin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya, su ma suna da wannan sashe. Zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace. Akwai magungunan da suke rage ƙishin giya, irin su naltirezon, amma likita ne yake rubutawa, ba a saye a tebur.

Magani kaɗai ba ya isa. In an cire giya aka bar firgitar, mutum ya koma inda ya fara, kuma babu abin da yake fakewa da shi. Don haka in likita ya tambayi yadda aka tashi, a gaya masa gaskiya. In bai tambaya ba, mai ciwon ya faɗa da kansa. Akwai masana da aikinsu shi ne zama da mutum, mako bayan mako, har ya iya tuna abin da ya wuce ba tare da jikinsa ya ɗauki rawa ba. Hotunan ƙwaƙwalwa sun nuna cewa in an daina sha, cikin makonni da watanni wani ɓangare na ɓarnar yana gyaruwa. Watannin farko su ne masu wuya. A lokacin ne ya fi bukatar abinci a kan kari, da aikin yi, da wanda zai zauna da shi da yamma, lokacin da ya saba fita. In ya zame ya sha, a koma asibiti, kada a ce an gama. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Matar mashayi kuma, in yana dukanki ko yana dukan yara, tsira da lafiyarku shi ne farko. Ki gaya wa magabatanki ko mai unguwa. Neman masa magani ba ya nufin ku zauna ana dukanku.

Na ga rana ta yi, kuma wasu suna da dabbobi a daji. Wanda yake da tambayar da ba ya son yi a gaban jama'a, ya same ni bayan an tashi, ina nan har la'asar.